Jinyar Inna: Yadda Wani Gida a Sakkwato Ya Zaɓi Hanyar Kula da Tsohuwarsa

Tsohuwar da wannan nazari ya shafa ba ta da takardar haihuwa, kamar yawancin sa'o'inta. Abin da ta riƙe shi ne ta haifi ɗanta na fari a shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, tana da ƙuruciya sosai, don haka 'ya'yanta ke lissafa mata shekara 77 zuwa 80. Zan kira ta Inna, yadda kowa a gidan ke kiranta. Tana zaune a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin garin Sakkwato, a gidan da mijinta ya rasu ya bari. 'Ya'yanta biyar ne a raye. Yaya, ɗan fari, ya yi ritaya daga aikin gwamnatin jiha, shi da iyalinsa ke cikin gidan tare da ita. Mai bi masa ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Abuja. Sai mata biyu, ɗaya malamar firamare da ke aure a Arkilla, ɗaya kuma tana aure a Gwadabawa. Auta ɗan kasuwa ne, rabin makonsa a kan hanyar Illela yake ƙarewa.

Kafin ciwon, Inna ba ta zame wa kowa nauyi ba. Tana da hawan jini da ciwon gwiwa, amma ita ke ɗaukar butarta, ita ke dama furarta, har da 'yar sana'ar daddawa. Maganin hawan jinin kuwa sai ta ji kanta na sarawa take sha, ta ji sauƙi ta tura shi ƙarƙashin katifa. Tsofaffinmu da yawa haka suke yi, alhali jini kan hau ba tare da mutum ya ji komai ba, kuma maganinsa na kullum ne.

A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, wata jika ta shiga gaishe ta da asuba ta tarar da ita a ƙasa, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Aka ce iska ce ta buge ta a hanyar bayan gida. Aka yi tofi, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, sai washegari aka kai ta asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu, shi ya sa ɓarin dama ya shanye, magana ma ta taɓu. A irin wannan ciwo awannin farko su ne masu tsada, kuma ba abin da ke hana a yi tofin a cikin mota ana tafiya. Ta yi kusan mako biyu a kwance, aka sallame ta ba ta iya juya kanta, tana ƙwarewa idan ta sha ruwa, fitsari kuma yana kufce mata.

Tsarin da ba wanda ya zaɓa

Ranar sallama ba a yi wata shawara ba. Aka mayar da ita ɗakinta, masu dubiya suka yi ta tururuwa, na Abuja ya bar kuɗi ya koma bakin aiki, ta Gwadabawa ta yi kwanaki ta tafi ɗakin mijinta. Da ƙura ta lafa, jinya ta faɗa kan wadda ke kusa, wato matar Yaya. Ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta ce uffan ba. Mace ce da ta haura shekara 50, tana fama da nata ciwon bayan, ga girkin gida mai mutum fiye da goma.

Ba gazawarta ce ta rushe tsarin ba, kunya ce. Shekara talatin da wani abu Inna da matar ɗanta suna zaman mutunci, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba, ballantana ta yarda ta ga tsiraicinta. Ɗan nata kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, to ta yaya za ta ce masa ya ɗaga ta zuwa bayan gida? Sai Inna ta samo wa kanta dabara: ta rage shan ruwa don kada fitsari ya dame ta, idan kuma ta jiƙe ta yi shiru har sai jikarta ta dawo daga makaranta. Da dare ba mai juya ta, domin matar Yaya kan kwanta a gajiye, ita kuma Inna ba za ta ɗaga murya ta kira ta ba.

Cikin 'yan makonni abu biyu suka bayyana. Wani jan tabo ya fito a ƙugunta, wanda ko an danna ba ya washewa, daga nan ya fashe ya zama gyambo. Gyambon kwanciya ba ya buƙatar dogon lokaci: idan ƙashi ya danne fata a kan katifa awanni ba motsi, jini ya daina isa wurin, naman sai ya fara mutuwa daga ciki, lemar fitsari kuma ta ƙarasa aikin. Na biyu, ta soma sambatu, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, ba ta gane ɗakinta. Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce ta zo, wasu suka koma kan zancen iska. Da aka mayar da ita asibiti, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta ne a mafitsara da ƙarancin ruwa a jiki. Ga tsoho, waɗannan biyun kaɗai sun isa su birkita hankali cikin kwana ɗaya ko biyu. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta magani, hankalinta ya dawo.

A wannan kwanciya ta biyu ne Malama, 'yarta ta Arkilla, ta ɗauki littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta riƙa rubuta duk abin da aka yi wa Inna da lokacin da aka yi shi. Juyi kowane awa biyu, dare da rana. Canjin famfas da zani. Wanka. Ɗaga ta zaune kafin abinci, da ba ta cokali-cokali, wanda kan ci kusan awa guda. Magani safe da dare. Motsa gaɓoɓi. Wankin gyambo. Alwala ko taimama sau biyar. Da ta haɗa lissafi sai ta ga aikin ya fi na ma'aikacin gwamnati awanni, kuma kaso mafi wuya tsakanin isha'i da asuba yake. Littafin nan ta ajiye a gaban 'yan'uwanta ranar da suka taru a zauren gidan. A ganina shi ne ya sauya maganar. Kafin nan kowa na cewa "a kai ta wurina" ko "a bar ta nan", wato ana gardama a kan wuri, da kuma wanda ya fi son uwarsa. Littafin ya mayar da tambayar kan aiki: wane ne zai tashi ƙarfe biyun dare, kuma Inna za ta yarda wannan mutumin ya taɓa jikinta?

Abin da kowa ya zo da shi

Na Abuja ya zo da shawararsa a shirye. A ɗauke ta a jirgi daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na III, ta zauna wurinsa, ga asibitoci, ga wuta, ga na'urar sanyaya ɗaki. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma akwai ciwon rai a ciki, irin na ɗan da ke nesa yana jin labari ta waya. Amma gidansa a bene yake, hawa na biyu. Shi da matarsa duk suna fita aiki da safe, ke nan Inna za ta wuni da 'yar aikin da wataƙila ba ta jin Hausa. Ya ɗauka inshorar lafiyarsa za ta ɗauke ta, sai ya gano tsarin ma'aikatan tarayya ya tsaya ne a kan ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye sai an ƙara su da biya na daban. Sannan akwai abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. A Sakkwato, daga hantsi zuwa magariba ɗakin Inna ba ya rabuwa da mutane: tsofaffin ƙawaye, maƙwabta, jikoki, mai kawo goron suna, mai neman shawarar aure. Ga wadda harshenta ke koyon magana sabuwa, wannan gaishe-gaishe magani ne, kuma tsohon da hankalinsa ya taɓa birkicewa ya fi saurin sake ruɗewa a baƙon wuri. Da aka shiga aka faɗa mata, ta ɗauki lokaci tana haɗa kalmomin, ta ce, "Mi za ni yi can? Ɗakin ga anka kawo ni, nan za a hidda ni." Ba wanda ya sake tayar da zancen.

Ta Gwadabawa ta ce a yi karɓa-karɓa, wata guda a Arkilla, wata guda wurinta, tunda 'ya mace ce Inna ba za ta ji kunyarta ba. Ta nan ɓangaren ta yi gaskiya. Sai dai tsohuwa irin Inna ta tare a gidan surukinta namiji abu ne da take ganin ya fi ciwon nauyi, mutanen unguwa ma za su ce 'ya'yanta maza uku sun kasa. Ko an kau da kai daga wannan, jigilar mai gyambo a mota kowane wata, da canjin hannu a kan magani, da nisanta ta daga masu gashin ƙashi (ma'aikatan asibiti masu motsa gaɓoɓin majinyaci) da ke cikin gari, duk hasara ce a daidai lokacin da ba a so. Mai shanyewar ɓarin jiki ya fi samun ci gaba a wata uku zuwa shida na farko, kuma an riga an ci wani abu daga ciki.

Auta, da yake ɗan kasuwa ne mai son a gama magana, ya ce a kama mata ɗaki a asibitin kuɗi ta zauna har ta warke. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san amsar. Asibiti na ba da magani da allura, amma wanka da juyi da ciyarwa da zubar da fo aikin ɗan'uwan majinyaci ne. Za a biya kuɗin gado kullum, kuma a nemi mai kwana da ita dai, wannan karon a kan tabarma a baranda. Zancen gidan tsofaffi bai ko kai minti biyu ba. Irin waɗanda ake biya suna Legas da Ibadan da Abuja, a nan kuwa in an ce gidan gajiyayyu, wanda ba shi da kowa ake nufi.

Wata gwaggo ta kawo shawarar da aka fi sabawa da ita: a ɗauko yarinya daga ƙauye, 'yar shekara 12 ko 13, ta riƙa kwana da ita. Malama ce ta ƙi, da hujja biyu. Yarinya ba za ta iya ɗaga babbar mace ba tare da ɗayansu ta ji ciwo ba, barcinta kuma ya fi na kowa nauyi. Hujja ta biyu ta malamar makaranta ce: yarinya irin wannan a makaranta ya kamata a same ta.

Yaya dai bai ce komai ba sai can. Shi a ransa tsarin farko bai lalace ba, matarsa ce za ta ƙara ƙoƙari, domin a fahimtarsa hidimar uwar miji wajibi ce a kan mace. Aka kai maganar gaban malamin zauren unguwar, dattijon da Yaya ke ɗaukar karatu wurinsa. Malam ya ce umarnin da ke cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, 'ya'ya aka fuskanta da shi. Ya ce a Risala ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne a kan ɗa, a Mukhtasar kuma an haɗa har da nauyin mai yi musu hidima. Matar ɗa in ta yi, kyautatawa ce da za ta sami ladanta, amma ba bashi ba ne a kanta. Ya ƙara da cewa, "Alhaji, kai anka ce ka yi, ba iyalinka ba. In ba ka iyawa da hannunka, ka biya wanda ka iyawa." Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Allah shi gafarta Malam."

Wa za a ɗauka, kuma a biya ko kada a biya

Da aka tsaya a kan a bar ta ɗakinta a kawo mai kula, sai wani ruɗani ya taso, domin kowa da abin da yake nufi da "mai kula". Na Abuja nas yake nufi, mai takardar shaida, ta zauna dare da rana. Wannan ya fi ƙarfin aljihunsu, kuma littafin Malama ya nuna ba a buƙatarsa. Cikin dukkan ayyukan, wankin gyambo da duba hawan jini da lura da alamun komowar ciwo ne kawai ke neman ƙwararre, kuma ba su fi awa ɗaya ba a zuwa guda. Sauran aiki ne na haƙuri da ƙarfi da amana, wanda babbar mace mai hankali za ta koya cikin mako. Sai aka raba shi gida uku. Wata nas da ke zaune a unguwar ta riƙa zuwa sau biyu a mako bayan ta tashi aiki, ana biyanta a kan kowane zuwa. Gashin ƙashi kuma a riƙa kai ta, tunda akwai sashensa a manyan asibitocin gari irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kuma roƙi ma'aikacin ya koya wa mutanen gida abin da za su riƙa yi kullum. Saura mai zama da kwana.

Inna ce da kanta ta ambaci wadda take so: ɗiyar ƙanenta, mace mai kimanin shekara 45 da mijinta ya rasu, tana zaune gidan iyayenta a wani ƙauye ta wajen Bodinga, tana 'yan ƙulle-ƙullen kayan miya. Inna ce ta yi mata wankan jego a haihuwarta ta fari, don haka babu sauran kunya tsakaninsu. Ta amsa ba gardama, ta ce, "Gwaggo ta hi ƙarfin wannan gare ni."

A nan aka yi gardamar da ta fi kowace tsawo. Yaya da ta Gwadabawa suka ce yanka mata albashi cin fuska ne, ai zumunci ne, a dai riƙa yi mata alheri, atamfar salla da ɗan abin sabulu. Malama da Auta suka ce a yanka. Ina tare da su, kuma ga dalilina. Alheri ba shi da rana, kuma wanda ake yi wa shi ba ya da bakin tambaya idan ya makara. Matar nan za ta bar sana'arta da ɗakinta, tana da marayu biyu a makaranta. In ba a yanka mata komai ba, wata uku za ta yi a kan zumunci, na huɗu ta fara ƙirƙiro uzurin zuwa gida, na biyar a ce ta canja hali. Su ma 'ya'yan ba za su iya ce mata "ba a juya Inna jiya da dare ba", domin wanda ke yi maka taimako ba ka yi masa gyara. Albashi na ba kowane ɓangare bakin magana. Abin da ya sauƙaƙa faɗar shi ne ita taubashiyarsu ce, ɗiyar namiji da 'ya'yan mace, akwai wasa tsakani. Auta ya ce, "To taubashiya, mun ɗauke ki aiki, sai a riƙa tashi da wuri." Ta ce, "Ku dai ku biya kan kari, na san halin gidanku." Aka yi dariya, magana ta zauna. Sun ɗauki mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, a matsayin ma'auni, suka daidaita a ƙasa da shi kaɗan tunda ci da kwana da sabulu duk a gidan ne, suka kuma ɗauke mata kuɗin makarantar yaran.

Wani sharaɗi da nas ɗin ta dage a kai shi ne hutu. Mutum ɗaya ba zai yi ta tashi sau uku ko huɗu kowane dare ba iyaka. Malama ta nemi izinin maigidanta ta riƙa kwana da Inna daren Juma'a da na Asabar, ta Gwadabawa kuma ta riƙa zuwa ta yi kwana huɗu a ƙarshen kowane wata, taubashiya ta je ta ga 'ya'yanta. Matar Yaya ta koma kan abin da Inna ke karɓa daga hannunta da farin ciki, wato abinci, kuma ita ke riƙe da kwandon magani don ta fi kowa tsare lokaci. Mazan ma ba a bar su da aika kuɗi kawai ba. Jikoki samari biyu ke ɗaga ta zuwa keken guragu su fito da ita tsakar gida da la'asar, Auta ke kai ta asibiti, Yaya kuma ya zauna bakin ƙofarta bayan magariba yana karanta mata abin da ya sawwaƙa.

Kuɗi

Malam ya riga ya faɗa musu cewa malamai sun yi zance uku a kan rabon nauyin iyaye tsakanin 'ya'ya: ko kai da kai, ko gwargwadon gado, ko gwargwadon wadata. Suka ɗauki na uku. Na Abuja ya ɗauki albashin taubashiya da kuɗin nas, Auta ya ɗauki famfas da zirga-zirga, Yaya da fanshonsa ya ɗauki magani da abinci. Matan ba a ɗora musu ko sisi ba, aka lissafa kwanan da suke yi a matsayin nasu kason. Wannan ya kashe wata 'yar tsama da ta fara tasowa, inda mai turo kuɗi ke jin shi ke riƙe da jinyar, masu kwana kuma ke jin ya sayi kansa ne ya huta. Duk abin da aka kashe Malama na rubutawa ta tura hotonsa a zauren WhatsApp na 'yan'uwa. Abin da ya ba su mamaki shi ne famfas da kuɗin Keke Napep sun fi maganin kansa ci, musamman yadda sufuri ya yi tsada tun cire tallafin mai a 2023.

Sun leƙa ko akwai abin da hukuma za ta ɗauke musu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, jiha ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA, kuma rajista da irin wannan tsari na iya rage kuɗin ganin likita da wasu magunguna. Amma inshora ba ta biyan mai kwana da majinyaci, ba ta sayen famfas. Cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, aikinta na tsara manufofi ne daga Abuja. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha na taimaka wa marasa lafiya mabuƙata, sai dai gidan da ke da 'ya'ya masu samu ba shi ne a gaban layi ba. Auta ya tambaya ko zai iya sa zakkarsa a jinyar, Malam ya ce a'a, ba a ba da zakka ga wanda ciyar da shi ya riga ya wajaba a kanka.

Gyaran ɗaki da abin da aka hana

Kuɗin da ya fi kowane amfani ƙanƙane ne. Aka ɗauke katifarta daga ƙasa aka ɗora a gado mai tsayin gwiwa, wanda ya ceci bayan masu ɗagawa. Aka sayo kujerar ba-haya aka ajiye gefen gado, tunda masai na tsuguno ne kuma yana can ƙarshen gida. Aka fasa dokin ƙofa aka yi gangare don keke. Aka sa fanka mai aiki da hasken rana, aka ajiye gorar ruwa mai alama don a san abin da ta sha a wuni. Da yake ruwa tsinkakke ya fi saurin bin hanyar iska ya sauka a huhu, aka koma ba ta kunu mai kauri da fura da tuwo mai laushi, tana zaune sosai, kuma ba a kwantar da ita sai an jima. An rage gishiri da dunƙule a miyarta, abin da har yau take ƙorafi a kai.

Nas ɗin ta hana abu huɗu da masu dubiya ke yawan kawowa. Gasa ɓarin da ya shanye da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, domin fatar ba ta ji sosai, sai ta ƙone ba a sani ba. Jan ta da hannun da ya shanye wajen ɗagawa, wanda ke goce kafaɗa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ake saye a kemis saboda gwiwa, masu tayar da hawan jini su taɓa ƙoda da ciki. Sai kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, wanda hayaƙinsa marar wari ke kashe mutum cikin barci. Duk wani sassaƙe ko jiƙo da aka kawo, aka ce a karɓa a yi godiya, a ajiye sai an nuna wa likita.

Salla ce ta fi damun Inna fiye da komai. Malam ya aiko mata cewa ta yi a zaune, in ta kasa a kishingiɗe, ta yi taimama ranar da ruwa zai wahalar da ita. Azumi kuma likita ya hana, sai Yaya ya riƙa fitar da mudu ana ciyarwa a madadinta.

Inda aka kwana

Gyambon ya ɗauki watanni kafin ya rufe, kuma bai dawo ba. Yanzu Inna na zama da kanta a bakin gado, tana ci da hannun hagu, tana taka 'yan taku in an riƙe ta. Hannun dama bai dawo ba, likita ya ce kada a sa rai sosai. Juyin dare ya ragu tunda tana iya gyara kwanciyarta, don haka aka rage zuwan nas zuwa sau ɗaya a mako, kuɗin ya koma gashin ƙashi.

Abu biyu ke gabansu. Mantuwa ta fara yawa, wannan karon a hankali, ba irin birkicewar farko ba: takan tambayi abu ɗaya sau da yawa, wani lokaci ta zargi jikoki da ɗauke mata kuɗi. Likita ya ce toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan jawo haka, ya ba da shawarar a kai ta a auna ta wurin likitocin ƙwaƙwalwa, ko a asibitin koyarwa ko a asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware. Yaya ya ce ba za a ce an kai uwarsa Kware ba, don haka Malama na neman ranar ganin likita a cikin gari. Na biyu, wani dattijo daga ƙauyensu ya aiko neman auren taubashiya, kuma ba ta ce a'a ba. Malama ta fara kawo wata maƙwabciya mai matsakaitan shekaru tana wuni da su sau biyu a mako, a ga ko Inna za ta sake da ita. Zuwa yanzu ta yarda matar ta ba ta kunu ta kuma shafa mata mai a ƙafa, wanka dai ta ce sai ɗiyar ƙanenta.